Waya Ta Biyar

Ranar Laraba, a kan babbar gadar Toledo,
ruwa ya kece, waifa ta ce ta gaji.
Na zare igiyar takalmina, Zilai ta zare tata,
muka ƙulla, muka zura ta tagogi biyu.
In ja, ta saki, ta ja, in saki,
firjin mutane yana rawa a baya,
ita tana ƙyaƙyata dariya, ni ina salati,
har muka iso gida, hannun riga sharkaf.

A-kori-kurar nan ta girme ni da shekara uku.
A hannun matar marigayi Orville Nowicki na saye ta,
dala ɗari tara, da alkawari ɗaya:
ba zan miƙa ta ga 'yan gwangwan ba.

Asabar na ɗaga bonet.
Iskar tafki tana cizon yatsu,
sukundireba a bakina, tocila a hannun yarinya.
Sabon inji ya fito daga kwali da wayoyi biyar.
Tsoffin da ke jiran sa kuwa
shekaru sun wanke musu launi,
ja ya koma ƙasa-ƙasa, kore ya koma toka,
duk sun saje, kamar dattawa a layin fansho.

Ashe tsohon ya bar wasiyya.
Kowace waya da ɗan salatif a wuya
da rubutun fensir na hannu mai rawa:
a hankali,
da sauri,
wuta,
ƙasa.
Ta biyar, baƙin mai ya cinye sunanta.
Na ce huɗu ma arziki ne, na tura ta gefe.

Na murza makulli, fis ya ce ɗas.
Wata ce ta tuɓe riga tana gogar jikin mota.
Na naɗe ta, na sa sabon fis, na sake murzawa.
Inji ya yi gurnani, ya ƙi motsi,
irin na raƙumin da aka yi wa lodi ba shawara.
Nan muryar Malam Jatau mai riwaya ta iso daga Panteka,
shekara ashirin da teku guda a tsakaninmu:
"Kai Ilu, wuta ba ta da taurin kai, kai ke da shi.
Ba ta fita sai ta ga hanyar komawa. Duba ƙasa."
Na duba. Tsatsa ta yi gida a ƙarƙashin noti.
Na kankare da wuƙar kicin
har ƙarfe ya nuna haƙora.

Sai ga su nan, shuu, shuu,
hannaye biyu suna share gilashin da ba ruwa.
Zilai ta yi tsalle, tocila ta faɗa cikin inji.

Na kashe.
Suka tsaya cak a tsakiyar hanya, a karkace,
daidai inda idon direba yake buƙata.
Na kunna, na kashe. Haka dai.
Duk inda aka yanke musu wuta, nan ne kabarinsu.

Na jawo ta biyar, marar suna,
na ɗora mata fitilar gwaji.
Maɓalli a kashe, amma ga ta tana ci,
'yar wuta kamar garwashin da aka rufe da toka.
Na haɗa. Na kunna. Na kashe.
Hannayen suka ƙarasa tafiyarsu ba gaggawa,
suka sauko, suka kwanta a gindin gilashi.

"Baba, ai ka kashe. Me ke tura su?"
Hausarta tana tuntuɓe a kan ƙa da ɗa.
Na ce, guzuri ne aka bar musu,
ɗan kaɗan, wanda zai kai su masauki.
Ta daɗe tana kallon wayar.
"Kai ma an bar maka?"

Na ce miƙo salatif.

Na yanki sabo, na ɗaura wa ta biyar a wuya,
kusa da rubutun Orville,
na lasa bakin fensir, na rubuta: gida.
Wanda ya gaji motar nan bayana
sai ya nemi mai fassara.